Gadin Masara Daura da Gidan Surukai

Ranar da Alhaji mai motar ya miƙo min mukulli, magana ɗaya ya yi min, kuma ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "Muddin da kaya a kan motar nan, ba ka matsawa daga gindinta. Duk ranar da na zo na tarar da ita ita kaɗai, ko masallaci ka ce min ka je, ajiye min mukullina kawai." Na ce na ji, ranka ya daɗe. Wanda ya riƙe motar kafin ni, a wata tasha ya bar ta ya shiga gari neman tuwo mai zafi, ya dawo ya tarar an farke tamfol an yi gaba da buhunan mutane. Sharaɗin ko a jikina a lokacin. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana karen mota yana kwana a kan kaya, yau a ce masa ga tirela ka ja, ai ko cewa aka yi kada ya ƙara yin tari sai ya amince.

Ni mutumin garin Turawa ne, a ƙasar Karaye. Gidanmu manoma ne tun kaka da kakanni, ni ne na fara ɓallewa na bi mota. Mutanen garinmu gani suke direban babbar mota ya gama zaga duniya. In na leƙo gida sai a kewaye ni a teburin mai shayi, yaya Ikko, wai da gaske ba a hango ƙarshen teku? Ni kuwa in gyara zama in yi ta zuba. Maganar Allah ban taɓa ganin tekun nan ba. Abin da na sani a Ikko shi ne bayan motar da ke gabana a layin sauke kaya.

Da ina karen mota ina da ƙafa. Maigidana ya aike ni sayen ruwa, in maƙale a wani shago in kalli ƙwallo, in dawo ya zage ni, shi ke nan. Sai da na koma bayan sitiyari na gane ashe shi a ɗaure yake, ni ne mai 'yanci. A mota nake ci, a ɗan gadon bayan kujera nake kwana, sallah a kan kwali nake yi gefen taya. Ƙuguna ya riƙe, na fara sayen maganin basir wurin masu lasifika irin na tsofaffin direbobin da nake yi wa dariya a da. Ga faɗa ya ƙaru min. Mai acaɓa ya gifta min kaɗan, sai in ji na leƙa ta taga ina ambaton iyayensa, ni da ko a gona ba a san ni da zagi ba.

Aurena bai daɗe ba aka ba ni motar. Matata 'yar wani ƙauye ce a Rogo Ruma, gidansu Fulani ne da suka daɗe da zama, ga shanu ga gona. Na fi sanin muryarta a waya, don zuwana gida leƙe ne, wankina bai bushe ba an kira ni lodi. Da cikinta ya tsufa aka zo aka tafi da ita gidansu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ina hanyar Kudu a lokacin, ko sallama ba mu yi ba.

Cikin marka ne aka yi min lodin masara a Karaye, tsohuwar ajiyar wasu 'yan kasuwar Tudun Kaya, za ni da ita Badun wurin masu haɗa abincin kaji. Na ɗauki hanyar Rogo in ɓulla Zariya kamar yadda aka saba. An kwana ana ruwa, ba ka bambance ƙaramin rami da babba. Na kauce wa ɗaya, tayoyin baya suka afka ɗaya. Na ji ƙara kamar an karya itace a ƙarƙashina, motar ta karkace ta tsaya. Na sauko na leƙa, ko ba a gaya min ba na san aksul ɗin baya, ƙarfen da ke juya tayoyi, ya tafi.

Alhaji ya yi salati a waya, ya yi faɗa, ya turo bakanike daga Kano. Bakaniken ya ce sai an nemo wani ƙarfen, ya cire guntun da ya karye ya tafi da yaron motata don ya taya shi ɗauka. Na karyo ganye na jera a titi gaba da baya, na tare tayoyi da duwatsu, sannan na miƙe na dubi inda Allah ya ajiye ni. Ga burtalin da ke shiga ƙauyen surukaina nan a hannun dama, ga rimin ƙofar masallacinsu ina hangowa ta saman dawa. Duk tsawon hanyar Badun, motar nan ba ta ga wurin mutuwa ba sai nan.

Kashegari da hantsi mahaifina ya kira ni. Muka yi gaisuwa doguwa, ya ruwa, ya sauro, ya aka ji da motar. Sai ya ɗan gyara murya ya ce, "To, an aiko daga can gidan. An sauka lafiya." Na ce, "To." Ya ce, "Allah ya raya." Ban amsa ba, don ba a amsa irin wannan a gaban uba. Ya kashe wayarsa. Na zauna a matakalar mota, ban san mace ce ko namiji ba, kuma ba bakin tambaya.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce wauta ce. A wurinmu ana jin kunyar ɗan fari. Ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ba ka ambatar sunansa, ba ka nuna ka san an haife shi. Yayana yau da furfura a gemunsa, amma ban taɓa jin mahaifinmu ya kira sunansa ba, sai dai "kai" ko "wannan". Ranar suna kuwa uban ɓacewa yake yi, a neme shi a rasa. Wannan a gidanmu ke nan, gidan surukaina abin ya ninka. Ni ma haka na taso, har na sha yi wa abokai tsiya in na kama su suna leƙen jariri. Ban san haka abin yake ci a rai ba sai da ya zo kaina.

Taubashina ne ya gaya min mace ce. Ɗan gwaggona ne, yana acaɓa tsakanin Karaye da Rogo, shi mahaifiyata ke ba wa kwanon tuwo ya kawo min. Tun daga nesa yake danna hon yana cewa, "Angon ƙarni, an haifa maka budurwa kana nan kana gadin abincin kaji." Na ce ya rufe min baki ko in karya masa madubi. Ya ce wai an ce hancina ta ɗauko, Allah sarki yarinya, tun ba ta yi laifin komai ba. Na yi kamar ban ji ba. Da ya tafi sai na samu kaina a gaban madubin mota ina duban hancina.

Abu ɗaya nake so, in ɗauki yarinyar nan a hannuna in ji nauyinta. Na ɗauki buhu iri-iri a rayuwata, na ɗauki taya da jak, amma duk na mutane ne. Tafiyar kuwa ba ta kai a kira ta tafiya ba, da gudu kafin shayi ya huce na isa. Taubashin ya ce, rabi wasa rabi gaske, in ba shi gadin in je in dawo. Na yi ta juya maganar. Alhaji yana da kunne a hanyar nan, rabin direbobin da ke rage gudu su yi min jaje tasharmu ɗaya da su. A ce ma na tsallake wannan, in je in ce na zo yin me? Gida cike da mata 'yan barka, in yi sallama a zaure in ce na zo ganin 'yata? Har jikokina sai an ba su labari.

Na gwada waya. Ashe an karɓe wayar mai jego an ba uwarta ajiya. Ina jin muryar surukata na tsinci kaina a tsugune a gefen titi ina, "Ina kwana, Inna, ya gida, ya damina." Ta ce lafiya lau, ya aka ji da tsautsayi. Na ce da godiya. Can a bayanta na jiyo wani ɗan kuka siriri. Na ce, "To, da ma gaisuwa ce." Ta ce an gode, ta kashe. Ban ƙara kira ba.

Haka kwanaki suka yi ta ja. Alhaji ya ce sabon ƙarfe ya yi tsada, ana neman na hannu. Yau a ce an samu, gobe a ce bai yi daidai ba. In ruwa ya sauko in shige gaban mota in ɗaga gilashi in yi ta shaƙar warin dizal. In ya ɗauke in hau sama in zubar da wanda ya taru a tamfol, in lalubi buhuna ko danshi ya shiga. Masu wucewa gona su tsaya, sannu direba, Allah ya kawo mafita. Duk sun san an yi min haihuwa, babu mai ambata. Wani dattijo ma cewa ya yi da na kusa da shi, yadda zan ji, "Yaron nan Allah ya rufa masa asiri. Wasu sai sun nemi wurin ɓuya, shi mota ta ɓoye shi." Na sunkuyar da kai ina murmushi, a raina kuwa kamar in cinna wa motar wuta.

Ranar suna mahaifina da dattawan Turawa suka wuce ni da sassafe, za su raɗin suna ƙofar gidan surukaina. Da suka fito sai suka ya da zango a inuwar motata. Na shimfiɗa musu kwali na tsuguna gefe. Aka miƙo min goro da alewa, aka ce sunan mahaifiyata aka sa mata, wato ko sunan ma ya fi ƙarfin bakina. Muna nan sai ga taubashi yana washe baki, riƙe da babbar wayar yayata. Ashe ta ɗauki hoton jaririyar ya karɓo. A gaban mahaifina da kowa ya turo min wayar har tana taɓa fuskata, "Ga ta nan, angon ƙarni, kalla ka more." Abin da na gani kawai fari-farin shawul ne. Na kau da kai da sauri, na ture hannunsa na ce, "Kai, ɗauke min wannan shirmen." Dattawa suka yi dariyar jin daɗi. Ɗaya ya ce wa mahaifina, "Malam, ka yi tarbiyya."

Da yamma yayata ta koma garin mijinta da wayarta. Tawa irin mai tocila ce, ba ta san hoto ba. Aka aiko min da soyayyen naman suna a leda, na zauna a ƙarƙashin tirela na ci ni kaɗai, ina ci ina jin haushi. Haushin taubashi da bai jira an watse ba, haushin Alhaji da ƙarfensa na hannu, haushin kaina da na yi abin da ya dace. Ban taɓa tsanar abu kamar yadda na tsani masarar nan ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki bakanike ya kira da safe ya ce an dace, yau za su zo har da Alhaji, don masu kayan sun hana shi sakat. Ya ce kafin su iso in tsiyaye man da ke cikin aksul ɗin in sassauta notika, da an ɗaura zan wuce. Na san abin da hakan ke nufi. Daga Badun ba gida ake dawowa ba, duk inda kaya ya samu nan ake tura ka. Na shiga ƙarƙashin mota da sifana ina aiki ina ƙunƙuni, baƙin mai da giris suka ɓata min hannu har gwiwa.

Ina kwance a ƙasa na ga ƙafafun shanu suna tsallaka titi, a bayansu ga takalmin roba da gindin sanda. Aka yi sallama. Na san muryar, na fito da rarrafe har na buge kai, na tuɓe silifa na durƙusa. Surukina ne. Dogon tsoho ne mara magana, tun da na auri 'yarsa ba na jin mun taɓa haɗa ido. Duk zamana a wurin bai zo ba, sai dai ya aiko min da kindirmo.

Muka gaisa, ina kallon ƙasa yana kallon taya. Ya yi min jaje, ya zagaya motar a hankali kamar mai taya saniya a kasuwa. Sannan ya nemi dutse ya zauna a inuwa, ya miƙe ƙafa ɗaya yana matsawa. Ya ce, ba ni yake kallo ba, "Gwiwar nan ta tashi. Na baro man zafina a gida, a kan taga, ɗakin da ke kusa da rumbu." Na ce, "Allah ya sawwaƙe, Baffa." Ya ce, "Ba wanda zan aika. Matan gidan duk sun tafi gaisuwar rasuwa ƙauyen gaba, sai azahar za su dawo." Ya sake matsa gwiwar. "In ba damuwa, ɗauko min. Ni zan zauna da motarka. Buhu ai ba ya shiga gonar mutane, ya fi shanu sauƙin tsaro."

Ɗakin da ke kusa da rumbu na san matata ce a cikinsa. Ko Alhaji ya taso ko bai taso ba, ban sani ba. Na dubi mota, na dubi tsohon, ya juya min ƙeya yana kallon shanunsa. Na ce, "To, Baffa," na zura silifa na shiga burtali. Dawa tana rufe ni na zuba da gudu, taɓo yana fallatsa min har wuya.

Gidan tsit, sai kaji da tukunyar wankan jego a kan murhu tana huci da ganyen darbejiya. Na yi sallama ƙasa-ƙasa na ɗaga labule. Matata tana zaune a bakin gado, fuskarta ta yi duhu saboda ruwan zafi. Ta dube ni ta rufe baki da hannu, ta ce, "Kai ne? Wa ya bar ka ka shigo?" Na ce Baffa ne ya aiko ni man zafi. Ta dubi tagar, babu komai a kai, sai ta yi dariya hawaye na zubo mata. Na ce sannu da jiki. Ta ce, "Ka rame." Sannan ta juya ta ɗauko yarinyar daga bayanta, a naɗe cikin farin shawul sabo fil, ta miƙo min. "Ungo. Ba kowa."

Na miƙa hannuwa, sai a lokacin na gan su. Baƙi ƙirin har cikin farce, mai yana naso. Na janye. Ta ce, "Ɗauke ta haka nan, shawul ai wanke shi ake yi." Na ce baƙin mai ba ya fita. Shawul ɗin nan surukata ce ke naɗe shi da hannunta safe da yamma. Ta dawo ta ga shatin yatsu na baƙin mai, a ƙauyen da mota ɗaya ce ta lalace, ai ba sai an yi duba ba. Za a san na shigo na ɗauka, a kuma san wanda ya buɗe min hanya. Tsohon da ya ajiye kunyarsa ya ƙirƙiro ciwon gwiwa saboda ni, in bar shi a bakin mata? Na ce ta jira ni, yanzu-yanzu.

Na fita tsakar gida na durƙusa a gindin randa. Na samu guntun sabulu na murza, kumfa ta yi baƙi, hannu yana nan yadda yake. Na ɗebi toka a murhu na goga. Na haɗa da yashi na dirza har fata ta fara zafi. Da a tasha ne ɗan fetur da garin sabulu sun gama magana, amma gidan nan ko kalanzir babu, fitilarsu ta caji ce. Tana daga ɗaki tana cewa, "Ka bari haka, ka zo." Ina cewa saura kaɗan. Ina cikin dirza waya ta yi ƙara a aljihu. Yaron motata ne. Ya ce, "Oga, mun baro Karaye tun ɗazu, Alhaji da kansa ke tuƙi, kuma ransa a ɓace yake."

Na koma bakin ƙofa hannuwana na ɗigar da ruwa. Matata ta taso ta buɗe fuskar yarinyar ta kawo ta daidai ƙirjina. Na mayar da hannuwana baya na sunkuya. Barci take, baki a ɗan buɗe, gashi kwance luf a goshi, hannu ɗaya a dunƙule gefen kunne. Na ji ƙamshinta, na hoda da nono. Na ce, "Allah ya raya." Matata ta ce, "Ko da yatsa ɗaya." Na ce sai na dawo. Na juya na fita da gudu.

Na tarar da tsohon inda na bar shi. Na durƙusa ina haki na ce, "Baffa, ban ga man ba." Ya ce, "Ai ƙafar ta saki." Ya dogara sanda ya miƙe. Sai ya dubi hannuwana, jiƙaƙƙu, wuyan hannun ya yi ja, yatsu baƙi yadda suke. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ɗago ya dube ni a ido ya ce, "Ba ka ɗauke ta ba." Ya girgiza kai, ya faɗi wani abu da Fulatanci wanda ban ji ba, ya kaɗa shanunsa.

Bai yi nisa ba motar Alhaji ta tsaya. Ya same ni a gindin tirela, ya ga igiyar tamfol ba ta motsa ba, ya ce madalla. Kafin la'asar an ɗaura ƙarfe, na ja. Sai da na yi nisa, wajen Kaduna, ya faɗo min cewa da matata ta cire shawul ɗin ta naɗe yarinyar a tsohon zaninta mai duhu, da babu wanda zai gane. Daga ni har ita babu wanda ya tuna. Na doki sitiyari har yaron motata ya farka yana tambaya ko lafiya.

Daga Badun aka tura ni Fatakwal, daga can Maiduguri, ko Kano muka shigo saukewa ce da ɗorawa. Duk lokacin da na ce wa Alhaji ina son in leƙa gida, sai ya ce wannan tafiyar kawai, zaman da aka yi a Rogo sai an fanshe shi. An yi arba'in, an mayar da matata ɗakinta a Turawa, an cire gyaɗa, an yanke dawa, duk a waya na ji.

Ranar da na samu zuwa, sai da na tsaya a tasha a Karaye na wanke hannu da fetur da garin sabulu, na yanke farce, na sa farar riga. Na shiga ɗaki na saki labule, ba kowa sai mu. Yarinyar tana zaune a tabarma da kanta, an tokare ta da matashi, tana tsotsar murfin kwano. Uwar ta ce, "Ga Baba nan, je ki." Na tsuguna na miƙa mata hannu biyu. Ta dube ni, leɓenta ya fara rawa, sai ta tsala ihu ta juya ta cusa kai a cinyar uwarta. Na ce a bar ta, kada a matsa mata. Na koma bakin ƙofa na zauna ina kallon bayanta har aka kira magariba, da asuba kuma ina da lodi.